Jini a Bakin Aswaki: Gargaɗi ga Masu Ciki a Kankiya da Kusada

Gobe da asuba, idan kin gama aswaki, kada ki yi saurin ajiye shi. Ki duba bakinsa. Fari ne ko ja? Ki tofar inda haske yake, ki duba. Yawu ne zalla, ko da jini a ciki? In da jini, kuma kina da ciki, da ke nake. Ke da ke Rimaye, ke da ke Kafin Soli, ke da ke Mawashi ko Yashe ko cikin garin Kusada. Ajiye abin da kike yi, ki ba ni hankalinki.

Na san abin da aka gaya miki. An ce ai ciki ne. An ce haka kowace mace take yi, da kin sauka lafiya zai wuce. Wata tsohuwa ma ta ce miki ɗan da ke ciki ne yake zuƙe ƙarfin haƙoranki, ki yi haƙuri, ita haƙora uku ta bayar kafin ta gama haihuwa. Kin ji, kin yi shiru, kin ci gaba da tofar da jini. Wata nawa ke nan? Biyu? Huɗu? Sai yaushe za ki faɗa?

Akwai gaskiya a maganarsu, amma guntuwa ce. Sinadaran da jiki ke ƙarawa don riƙe ciki suna sa dasashi ya yi laushi, ya cika da jini, abu kaɗan ya kumbura shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mata 60 zuwa 75 cikin 100 na masu ciki suna samun wannan kumburi. Yakan fara tun wata na biyu, ya yi ta ƙaruwa har wajen wata na takwas. Amma ciki fifita kawai yake yi. Garwashin yana nan tun kafin ya zo. Garwashin shi ne dattin nan mai yauƙi da ke kwanciya a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Ki kankara da farce ki gani, fari-fari ne kamar ƙullu. Ƙwayoyin cuta ne cunkus a cikinsa, suna ci suna hayayyafa. Ɗan cikinki kuwa bai taɓa haƙorinki ba. Jariri ba ya zarar komai daga haƙoran uwarsa. Haƙoran da tsohuwar nan ta rasa, ruɓa da ciwon dasashi ne suka cinye su.

In aka bar dattin nan, sai ya daskare ya yi kanta, ya koma kamar dutse, rawaya ko baƙi. Daga nan aswaki ba ya fitar da shi. Buroshi ba ya fitar da shi. Gawayi da toka ba sa fitar da shi, sai dai su ƙara yage dasashin. Sai dasashi ya fara janyewa daga jikin haƙori, ya bar rami. Ramin ya cika da ƙwayoyin cuta, ya yi mugunya. A hankali ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya fara zaizayewa. Abin tsoron shi ne, sau da yawa ba ya zafi. Ciwon haƙori hana barci yake yi, shi ya sa ake gudu a nemi magani. Ciwon dasashi shiru yake ci, kamar gara a gindin rumbu, ba a farga sai ranar da ya kife.

To ki duba kanki yanzu. Dasashinki ya yi jawur yana sheƙi? Ya kumbura ya hau tsakanin haƙora? In kin ciji gwaiba, kina ganin jini a gurbin cizon? Kina tashi da ɗanɗanon jini a baki? Bakinki yana wari ko kin wanke? Haƙoranki sun ƙara tsawo? Akwai mai girgiɗi? Wushirya ta fito inda a da babu ita? In kin danna dasashi da yatsa, wani abu fari yana fitowa? Ko ɗaya daga ciki ya isa. Ke kuma mai cin goro da fure, ki ƙara lura. Jan goro yana ɓoye jan jini. Ki wanke baki tas, sannan ki duba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dasashi mai jini tsagaggen bango ne. In ciwon ya yi zurfi ya kewaye baki, gyambon da ke ɓoye a ƙarƙashin dasashi, da za a haɗa shi wuri ɗaya, zai iya kai faɗin kwalin ashana. Da a ƙafarki gyambo mai wannan faɗi yake, yana tsattsafar jini da mugunya wata da watanni, za ki bar shi? Mijinki zai bar shi? Amma don yana cikin baki, ido ba ya gani, sai a ce ba komai. Duk sa'ad da kika tauna abu mai tauri, ƙwayoyin cuta suna iya bi ta wannan kafa su shiga jini. Jinin nan ne kuma yake zuwa mabiyiya. Shi ne yake ciyar da ɗanki.

Akwai hanya ta biyu da masu bincike ke jin tsoro. Jikin da ke faɗa da ciwo yana fitar da wasu sinadarai, cikinsu har da wanda likitoci ke kira furostagilandin. Da wannan sinadarin ne jiki ke tausasa bakin mahaifa ya tayar da naƙuda in lokaci ya yi. Wani maganin da ake sa wa mace a asibiti don a tayar mata da naƙuda ma danginsa ne. To in ciwo ya sa ya yawaita tun ciki yana wata bakwai fa? Wa zai gaya wa mahaifa cewa lokaci bai yi ba?

Maganar nan ba yau aka fara ta ba. A 1996 wani likitan dasashi a Jami'ar Arewacin Karolina da ke Amurka, Steven Offenbacher, ya duba bakin mata 124. Ya tarar masu ciwon dasashi mai zurfi sun fi sauran haɗarin haifar bakwaini mara nauyi fiye da ninki bakwai. Da aka tara binciken da suka biyo baya daga ƙasashe da dama, adadin ya sauko wajen ninki biyu. Ninki biyu kaɗan ne a kan ran ɗanki? A 2010 kuma wata mai bincike, Yiping Han, ta ba da rahoton wata mata a Amurka mai yawan zubar jinin dasashi. Cikinta ya cika wata tara, aka haifi jaririn babu rai. Da aka bincika, sai ga wata ƙwayar cuta ta baki a mabiyiya da jikin jaririn. Irinta sak aka samu a ƙarƙashin dasashin uwar.

Ni ma na gani da idona. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, cikin fari, an kawo ta gida goyon ciki. Yarinya ce mai fara'a, amma sai na lura ta daina dariya da baki buɗe. Gefen mayafi take ja ta rufe. Wata safiya na ga matashin da ta kwana a kai, da ɗigon jini ya bushe ya yi baƙi. Na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Yaya, tun cikin yana wata uku na daina aswaki. Da na taɓa sai jini. Makilin kuma tayar mini da zuciya yake yi." Na ce Allah ya sawwaƙe. Iyakar abin da na ce ke nan, kuma har yau yana ci mini rai. Cikin bai cika wata takwas ba faya ta fashe, da tsakar dare, a tsakiyar hunturu. Ta haihu, namiji ne. Tafin ƙafarsa bai kai tsawon yatsana ba. Kukansa siriri kamar na ɗan kyanwa. Ya kasa kama nono. Aka naɗe shi da zannuwa, aka ce a jira gari ya waye. Gari ya waye, aka ce a jira a ga yadda zai yi. Kwana huɗu ya yi. Ragon da ake kiwo saboda sunansa yana ɗaure a gindin bedi aka fita da gawarsa.

Rai na Allah ne. Hanyoyin haihuwar bakwaini kuma suna da yawa: zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon suga, ciwon sanyi, tagwaye, ƙarancin jini, ƙuruciyar uwa, haihuwa kusa-kusa. Ba wanda zai nuna ɗaya da yatsa a kan yarinyar nan ya rantse shi ne. Amma a cikinsu akwai wanda ya yi wata huɗu yana nuna kansa kowace safiya, muna kallo. Shi ne mafi arhar magani. Shi ne kuma ba wanda ya kula.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin lokaci, wajen ɗaya cikin kowane goma. Nijeriya ce ta uku a duniya, bayan Indiya da Pakistan, da jarirai sama da 770,000 a shekarar kaɗai. A 2019 yara kusan 900,000 suka rasu saboda matsalolin haihuwa kafin lokaci, kuma babu abin da ya kai su kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5. Kada sunan ya ruɗe ki. Mu ɗan wata bakwai muke kira bakwaini, amma a asibiti duk jaririn da ya zo kafin sati 37, wajen wata takwas da rabi ke nan, bai ƙosa ba. Huhunsa bai gama nuna ba. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi. Cuta kaɗan ta kayar da shi. Wanda ya rayu ma yana iya tashi da matsalar gani, ko ji, ko koyo. Ki tambayi kanki: daga ƙauyenku zuwa inda ake sa jariri a kwalba, tafiyar awa nawa ce? Da damina fa, in rafi ya kawo? Da ƙarfe biyun dare fa, motar wa? Kuɗin fa? Katsina ba bayan gida take ba, balle Kano.

Ga maganar da ta fi hana ni sukuni. A 2006 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka, a kan mata 823 masu ciki da ciwon dasashi. Rabi aka kankare musu haƙora kafin sati na 21, rabi aka bari sai bayan haihuwa. Abu biyu ya fito. Aikin bai cutar da uwa ko jariri ba, dasashin kuma ya samu sauƙi. Amma yawan haihuwar bakwaini bai ragu ba. Kin ji ko? Masana da dama suna ganin in ciwon ya riga ya yi nisa, ciki kuma ya kai rabi, wataƙila an makara wajen kare jaririn ta wannan hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ke amarya da ake haɗa wa kayan ɗaki, ki je a duba bakinki kafin a kai ki. Ke mai goyo da ba ki yaye ba, ki je yanzu, kafin wani cikin ya shiga. Ke da kika yi ɓatan wata, ki je a wannan satin. Ke da cikinki ya tsufa, ke ma ki je, don bakinki naki ne, kuma ƙurji a baki ba ya jiran suna.

A Malawi, ƙasar manoma irinmu, an bi mata sama da 10,000 tun kafin su ɗauki ciki ko a farkonsa. Duk an koya musu tsaftar baki. Kusan rabinsu aka ƙara musu da cingam mara suga mai sinadarin zailitol, sau biyu a rana. A 2022 aka sanar da sakamako: bakwaini 12.6 cikin 100 a wajen masu cingam, 16.5 a wajen sauran. Kada ki aiki yaro kanti ya sayo cingam ɗin da aka saba. Wannan suga ne, ɓarna zai ƙara. Abin lura shi ne, da wuri suka fara, kuma ta baki aka bi.

Daren yau za ki fara. Kada ki daina goge baki don jini. Barin gogewar ne ke ƙara jinin. Sau biyu a rana, da safe da kuma kafin kwanciya, na daren kada ya wuce ki. Buroshi mai laushi. Makilin mai fuloraid. Ki karkata buroshin zuwa gindin haƙori, ki bi a hankali, ciki da waje, har na can ƙurya, minti biyu. In aswaki kike yi, ki riƙe abinki, sunna ce kuma yana aiki. Amma ki tauna bakinsa ya yi laushi sosai, ki riƙa yanke tsohon baki kina sabuntawa, kuma kada ki tsaya a haƙoran gaba da mutane ke gani. Ki kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. In makilin yana tayar miki da zuciya, ki rage shi, ko ki sauya lokaci, ko ki goge da ruwa zalla. Kada dai ki bari. In laulayi ya sa ki amai, kada ki goge nan take, tsamin ciki ya tausasa bayan haƙori. Ki kurkure da ruwa, ki jira kamar awa ɗaya. Alewa, lemon kwalba, shayi mai suga cokali huɗu, shan rake yini guda: ki rage. Ga nono, ga zogale, ga gwaiba, ga gyaɗa, ga ƙwai.

In kumburin na sama-sama ne, cikin sati ɗaya zuwa biyu jinin zai ragu. In bai ragu ba, ko akwai kanta, ko mugunya, ko haƙori mai girgiɗi, ya fi ƙarfin gida.

Kada ki aika kemis a haɗo miki magani. Kafson nan na tetrasaikilin yana ɓata launin haƙoran jariri tun yana ciki. Ibufurofen da dikulofenak, da ake sha don ciwon jiki kamar gyaɗa, suna iya taɓa ƙodar jariri da rage ruwan da yake kwance a ciki daga rabin ciki zuwa sama, a ƙarshen ciki kuma su taɓa hanyar jinin zuciyarsa. Kada ki ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona shi yake yi. In zafi ya matsa, farasitamol ya fi sauƙi, kafin ki isa asibiti. In wani ƙari ja ya tsiro a dasashi kamar ƙwayar wake, kada a kira wanzami. Jini ne cike da shi, in aka yanka yana da wuyar tsayawa. Yawancinsa yana motsewa bayan haihuwa, amma sai ma'aikacin lafiya ya gani.

Ki je awo, kuma da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 aƙalla, na farko cikin sati 12 na farko. Mu kuwa ɓoye ciki muke yi sai ya ɓoye mu. Kunya ce, na sani, musamman a cikin fari. Amma wata uku ɗin da kike ɓoyewa su ne watannin da aka fi iya taimakonki. In an auna jini, an auna ciki, an ba ki maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi, kada ki tashi. Ki buɗe baki ki ce, "Malama, dasashina yana jini." Kalma huɗu ce. Ki faɗe ta a asibitin garinku, ki faɗe ta a Babban Asibitin Kankiya, ki nemi a haɗa ki da mai aikin haƙori. In ta kama a wuce gaba, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, akwai a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kada kowa ya tsorata ki cewa mai ciki ba a taɓa mata haƙori. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta bayyana tun 2013 cewa kankare haƙori, da cike rami, da cire ruɓaɓɓe, da allurar kashe zafi, duk ana yi wa mai ciki lafiya. Wata na huɗu zuwa na shida ya fi daɗin zama a kujera, amma ƙurji ba shi da wata. Ki dai gaya musu kina da ciki, da watansa.

Maigida, yanzu da kai nake. Ka taɓa tambayar ta? Ka ga jan da ke bakin rariya da safe? Kana tanadin rago, kana tanadin goro da atamfa. Buroshi da makilin da kuɗin mota zuwa Kankiya, nawa ne a kan kuɗin rago? Ka ba ta izini tun kafin ta roƙa. Ka kai ta da kanka. Inna, Gwaggo, ku da ake kawo wa 'ya'ya goyon ciki, ku ne take jin maganarku. Don Allah ku daina cewa zai wuce. Ku ce ta buɗe baki ku gani. Ungozoma, ke ma ki tambaya.

Ku kuma ma'aikatan awo, da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da za a watsa ƙauyukanmu gobe, na san layi yana da tsawo, hannu kuma kaɗan. Amma ɗaga leɓe a haska tocila ba ya cin minti ɗaya. Mace ba za ta faɗa ba sai an tambaye ta. Ku tambaya. Ku rubuta a katinta.

Akwai alamun da ba a kwana da su. In fuska ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, da zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiya ta yi wuya, a tafi a daren, kumburin yana iya toshe numfashi. In jinin dasashi ya ƙi tsayawa, a tafi. In wata tara bai yi ba, amma mara tana murɗawa tana saki a kai a kai, ko baya yana ciwo ƙasa-ƙasa, ko kin ji nauyi kamar ɗan zai faɗo, ko ruwa ya zubo, ko jini, kada ki ce bari in ga safiya. Akwai allurar da ake yi wa uwa tsakanin sati 24 da 34 don huhun jariri ya yi saurin nuna, amma tana bukatar lokaci kafin ya fito. Awa ɗaya da kika ɓata a gida, daga lokacinsa kika cire.

In kuma ya riga ya zo a gida, ƙarami, kada a yi masa wanka. Kada a hura gawayi a rufe ɗaki. A goge shi ya bushe, a sa masa hula, a ɗora shi tsirara a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure su da zane, a lulluɓe. In ya kasa kama nono, a tatsa a ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin kofi mai tsafta. A haka za a shiga mota da shi, yana manne a ƙirjinta. A tayar da mai motar ko ƙarfe nawa ne.